Kada Ki Jira Kuka: Yadda Za Ki Gane Jaririnki Na Jin Yunwa

Kafin 'yan barka su cika miki kunne, riƙe wannan guda ɗaya: kuka ba shi ne farkon yunwar jariri ba, ƙarshenta ne. Kafin jinjiri ya ɓare baki ya tsala ihu, ya jima yana roƙo da leɓensa da hannunsa da wuyansa. Ranar da kika gane wannan roƙon, ke za ki huta, shi zai ƙoshi, nono kuma zai ƙaru.

A gidajenmu na Tambuwal da Kebbe, daga Dogon Daji zuwa Sanyinna, daga Kuchi zuwa Sangi, abin da maijego ta fi ji shi ne: "Bar shi shi yi kwana, in shina jin yunwa ai ya yi kuka." Masu faɗar haka sauƙi suke nema miki. Sai dai jaririn da aka bari har ya yi kuka ya riga ya gaji. Ba ya kama nono da kyau, ya haɗiyi iska, ya tsotsa kaɗan barci ya kwashe shi. Ba a jima ba ya farka da wani kukan. Daga nan sai a ce nononki ba ya isar sa, alhali lokaci ne aka kuskure.

Abin ba ƙarami ba ne. A 2018, da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka sabunta matakai 10 da suke so kowane asibitin haihuwa ya bi, mataki na 8 gaba ɗayansa a kan wannan ne: a taimaki uwa ta gane alamun yunwar jaririnta, ta amsa a kan kari. To, ga alamun nan dalla-dalla.

Roƙon jariri hawa uku ne

1. Hawa na farko, dubi baki. Yana cikin barci za ki ga ƙwayar idonsa na motsi a ƙarƙashin fatar ido. Ya ɗan yamutsa fuska, ya buɗe baki ya rufe, ya zaro harshe ya lashi leɓe. Wani lokaci har ki ji 'yar ƙarar tsotso alhali babu komai a bakin. Wannan shi ne lokacin da ake so. Ɗauke shi yanzu, ko bai gama buɗe ido ba. Jaririn da ke cikin natsuwa shi ke wangale baki ya kama nono yadda ya kamata.

2. Hawa na biyu, dubi hannu da wuya. Ya farka sosai. Yana miƙa, yana shure-shure, yana kai hannu baki yana tsotsar yatsu. Yana juya kai dama da hagu, baki buɗe, yana lalube. Duk abin da ya taɓa kuncinsa sai ya bi shi: bakin zane, gefen tawul, har hannun mai riƙe da shi. Ajiye abin da kike yi. Wanke-wanke zai jira ki, shi ba zai jira ba.

3. Hawa na uku, kuka. Fuska ta yi ja, jiki ya sandare, yana banƙarewa. In an kai nan, kada ki cusa masa nono da ƙarfi, kaucewa zai yi. Lallashe shi tukuna. Cire masa riga, ki kwantar da shi a ƙirjinki fatarsa na taɓa taki, ki rufa masa zane a baya. Shafa bayansa, ki yi masa magana ƙasa-ƙasa. In ya lafa, matso ɗigon nono ɗaya ko biyu ki shafa masa a leɓe. Da kansa zai nemo sauran.

4. Tafin hannunsa ma na ba da labari. Jariri mai jin yunwa yakan dunƙule hannu tam, ya naɗe shi kusa da haɓa. Yana sha yana sakin jiki. In ya ƙoshi, yatsun sun buɗe, ki ɗaga hannun ki sake shi ya faɗi laƙwas. Duba wannan a kowace shayarwa, cikin kwana biyu idonki zai saba.

5. Daina gwajin taɓa kunci. Wasu sukan dangwali kuncin yaro da yatsa, in ya juyo su ce yunwa ce. Sabon jariri haka aka halicce shi, ko a ƙoshe yake zai juyo. Abin dogaro shi ne laluben da ya fara da kansa. Haka nan in ya haura mako 6 zuwa 8, tsotsar hannu takan zama wasa. A lokacin sai ki haɗa ta da sauran alamu kafin ki yanke hukunci.

Lissafin yini da dare

6. Sau 8 zuwa 12 cikin awa 24. Wannan shi ne adadin shan sabon jariri. Ba sai kin tsare agogo ba, kiran salla ya ishe ki ma'auni. Asuba, hantsi, azahar, la'asar, magariba, isha'i, sai biyu ko uku cikin dare. Takwas ke nan ko tara, kuma shi ne mafi ƙaranci. In ya nema a tsakani, ba shi. Ba a ce wa jariri "yanzu ka sha".

7. Ƙirga da wake. Gajiyar jego na sa mantuwa. Ajiye ƙaramin kwano a gefen gado, duk shayarwa ɗaya ki jefa ƙwayar wake ɗaya. Da asuba ki ƙirga ki zubar, ki sake sabon lale. Mako 2 na farko kawai kike buƙatar wannan. In kin ga ƙwayoyin ba sa kai 8, ki ƙara sa ido.

8. Kada ki raina dakashi. Ruwan nan mai kauri, rawaya-rawaya, da ke fara zuwa ba ƙazanta ba ne, kuma ba nonon da ya lalace ba ne. Shi ne abincin farko, cike da sinadaran kare jiki daga cuta, kuma shi ke taimaka wa jariri fitar da baƙin kashinsa na farko. A ranar farko, abin da yake sha a zama ɗaya bai wuce cokalin shayi ɗaya ko biyu ba, cikin nasa iya nan ya tsaya. Shi ya sa yake nema akai-akai. A sa shi a nono cikin awar farko bayan haihuwa. Farin nono mai yawa yakan sauko ne wajen kwana na 3 ko na 4, kuma tsotson dakashi ke kiran sa.

9. Yawan nema ba ƙarancin nono ba ne. Dare na biyu da haihuwa, jarirai da yawa ba sa son sakin nono sam. Haka ma tsakanin magariba da isha'i: ya sha, ya saki, minti 20 ya sake nema. Za ki ƙara ganin irin wannan wajen mako na 2 zuwa na 3, da mako na 6, da wata na 3, lokutan da jikinsa ke saurin girma. Nono kamar rijiya yake, yawan ja shi ke sa ta tsattsafo. Jure kwana biyu ko uku, nonon zai ƙaru daidai da buƙatarsa.

10. Mai yawan barci, tashe shi. Ana yaba jaririn da ba ya kuka, a ce yaron kirki. Ki yi hattara da wannan yabon. Bakwaini, da wanda aka haifa da ƙaramin jiki, da tagwaye, da mai ciwon shawara, sau da yawa ba su da ƙarfin roƙo. A mako 2 na farko, kada ya wuce awa 3 da rana ko awa 4 da dare bai sha ba. In bakwaini ne, duk awa 2 zuwa 3. Kwance masa shawul, canza masa nafkin, sosa tafin ƙafarsa, ki kwantar da shi a ƙirjinki. In ya gagara tsotsa, tatsa a tsabtataccen kofi ki ba shi da cokali kaɗan-kaɗan, sannan ki kai shi a duba.

Abubuwan da ke ɓoye miki alamun

11. Naɗe-naɗe. Hula har gira, safar hannu, riga biyu, shawul, sannan tawul a sama. Ta ina za ki ga baki, ta ina za ki ga hannu? A hunturu rufe shi da kyau, amma bar fuska a buɗe, hannuwa kuma su iya kaiwa baki. A bazara riga ɗaya mara nauyi da zane sun isa. Zafin da ya yi yawa na sa jariri barcin wahala, ya tsallake lokacin shansa.

12. 'Yan barka da ranar suna. Ki lura da ɗakin maijego ranar suna. Jinjiri na hannun gwaggo, daga nan ya koma hannun maƙwabciya, daga nan ƙawar uwa ta karɓa za a yi hoto. Shi kuwa ya kama gefen shawul ɗinsa yana ta tsotsa har ya jiƙe, ana dariya ana cewa, "Kai, wannan da gani za ya yi ci!" Uwar na gefe da sabon lalle da atamfa, ana ta gaisawa. Awa huɗu sun wuce. Maganin wannan mai sauƙi ne. Tun da safe zaɓi mutum ɗaya, yayarki ko ƙanwarki, ki ce mata: "Aikinki yau bakin yaron nan. Da kin ga ya fara lasar leɓe, ko a hannun wa yake, karɓo mini shi." Ki tanadi ƙuryar ɗaki ko bayan labule inda za ki shige.

13. Kunyar ɗan fari. Wannan ita ce babbar. Yarinya ta yi haihuwar fari, ta zo goyon ciki gidansu ko tana ɗakin uwar miji, al'ada ta ce kada ta nuna ta damu da ɗan. Ba ta kallon sa, ba ta ɗaukar sa sai an miƙo mata, an kuma ce, "Ke, ba shi mama mana." Kunya adon mace ce, ban ce ki yar da ita ba. Ki yi kunyar sunansa, ki yi kunyar yi masa wasa a gaban manya in kina so. Amma idonki kada ya bar bakinsa. Ga dabara: tun yau ki roƙi babbar da ke kula da ke a keɓe. "Inna, malamar asibiti ta ce a ba shi tun kafin ya yi kuka. Ni ina jin nauyi. Don Allah in kin ga yana lalube, ki umarce ni." Kin mayar da ita mai ba da umarni, ke kuma mai biyayya. Kowa ya tsira da mutuncinsa, yaro ya ƙoshi.

14. Lokacin wankan jego. Dafa ruwa, wanka, gashi, shafe-shafe, duk suna cin lokaci safe da yamma, kuma a daidai nan ne ake rarrashin jariri da wani abu "kafin uwar ta fito". Juya tsarin. Ana hura wutar ruwan, ke kina shayarwa. Ki shiga wanka yana ƙoshe. Shi ma nasa wankan kada a yi masa yana cikin lalube. A ba shi ya sha, a ɗan dakata, sannan a wanke shi.

15. Ruwa. Daga Maris zuwa Mayu zafin ƙasar Sakkwato yakan haura digiri 40, to dole zuciyar kowa ta raya masa cewa yaron nan na jin ƙishirwa. Gaskiya ne yana ji. Amma fiye da kashi 80 cikin 100 na nono ruwa ne, kuma wanda ke fara fitowa in ya kama ya fi tsinkewa, shi ke kashe ƙishi. A ranar zafi zai riƙa nema sau da yawa yana sha kaɗan-kaɗan, to ruwansa ke nan yake sha. In aka ɗura masa ruwan randa, ɗan cikin nan ya cika da abin da ba abinci ba, alamun yunwa su ɓace, tsotso ya ragu, nono ya ja baya, ga haɗarin gudawa. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 29 cikin 100 kacal na jariran Najeriya 'yan ƙasa da wata 6 ke shan nono zalla, kuma ruwa ne abin da aka fi haɗa musu da shi. Ke ki sha ruwan, shi ya sha nonon, har wata 6.

16. Zuma, jiƙo, madarar shanu da fida. Zuma ba ta shiga bakin yaro sai ya cika shekara 1, domin takan ɗauko wata ƙwayar cuta da hanjin jariri ba ya iya yaƙa, ta shanye masa jiki. Jiƙe-jiƙen itatuwa da madarar shanu ko ta akuya sun fi ƙarfin cikinsa da ƙodarsa. In a gidanku ana taɓa wa jariri dabino a ganɗa, to taɓawa ce sau ɗaya da wankakken hannu, ba ciyarwa ba, a gama a miƙo miki shi. Robar tsotso kuwa toshe bakin mai roƙo take yi, ki ajiye ta. Madarar gwangwani sai in ma'aikacin lafiya ya ga dalili, kuma ko a nan kofi da cokali sun fi fida sauƙin wankewa.

17. Dare. Kwantar da shi kusa da ke, inda hannunki zai kai, a rigingine, cikin gidan sauro, ba filo ba bargo mai nauyi. Ajiye tocila a ƙarƙashin matashinki. Da kin ji 'yar ƙarar tsotso ko mutsu-mutsu, haska gefe, kada ki dalle masa ido. In baki na motsi, jawo shi. Jaririn da aka ba tun a hawa na farko yakan sha ya koma barci ba tare da gida ya farka ba. Shan dare kuma shi ya fi ƙara nono, domin sinadarin jiki mai haɗa shi ya fi yawa da dare.

18. Goyo. In kin yi arba'in kin koma hidima, bayanki zai zama idonki. Za ki ji yana goga fuska a gadon bayanki, yana juya kai, rigarki ta ɗan jiƙe daidai bakinsa. Wannan hawa na biyu ne. Kada ki amsa da rausaya da bubbuga ɗuwawu don ya koma barci. Sauke shi.

Ya ƙoshi ko bai ƙoshi ba?

19. Duba kamun. Cikinsa na fuskantar cikinki, kai da jiki a miƙe. Baki a wangale, leɓen ƙasa ya juyo waje, haɓa na taɓa nono, kuma ya haɗa da yawancin baƙin da ke kewaye da kan nonon, ba kan kaɗai ba. In kina jin zafi har ki cije leɓe, ko kan nonon ya tsage, kamun ne bai yi ba. Sa ɗan yatsanki mai tsabta a gefen bakinsa ki cire, ki sake gwadawa. Yaro na iya yini a nono ya kwana da yunwa in kamun bai yi daidai ba.

20. Saurari haɗiya. Da farko tsotso ne da sauri-sauri. Da nono ya sauko sai ya koma ja mai zurfi a hankali, muƙamuƙi na motsi har kusa da kunne, kina jin yana haɗiya. Bar shi ya gama da ɓangare ɗaya har ya saki da kansa, domin nonon ƙarshe ya fi maiƙo, shi ke riƙe ciki. Ɗora shi a kafaɗa ya yi gyatsa, ki miƙa masa ɗayan. In ya kau da kai ya rufe baki, ya ƙoshi, kada ki matsa. Zama na gaba ki fara da wanda ya bari.

21. Shaida na cikin nafkin. Abin da ya shiga dole ya fito. Rana ta farko fitsari sau 1, ta biyu sau 2, a haka yana ƙaruwa. Daga kwana na 5 zuwa na 6, ki sa ran sau 6 ko fiye cikin awa 24, fari ko ruwan ɗorawa mai haske, ba mai duhu da zarni ba. Kashi kuwa baƙi ne mai danƙo a kwana biyun farko, ya koma kore-kore, zuwa kwana na 4 ko na 5 ya zama rawaya mai laushi. In har kwana na 5 baƙi yake yi, bai samun isasshe. Famfas na shanye fitsari ya ɓoye, saboda haka ki ɗaga ki ji nauyinsa, ko ki yi amfani da ƙyalle da rana don ki iya ƙirgawa.

22. Sikeli ne alƙali. Kowane jariri yakan ɗan rame a kwanakin farko, amma bai kamata ramar ta wuce kashi 10 cikin 100 na nauyin haihuwarsa ba, kuma zuwa kwana 10 ko 14 ya kamata ya mayar. Ko a gida kika haihu, kai shi asibitin da ya fi kusa a auna shi, a yi masa rigakafin farko, a rubuta a kati. Hukumar Lafiya ta Duniya na so a duba uwa da jariri cikin awa 24 na farko, da rana ta 3, da tsakanin rana ta 7 da ta 14, da mako na 6. Zaman jego bai hana zuwa awo ba. Duk mai ce miki nononki ba shi da kyau, ko a zo a gwada shi da tururuwa, nuna mata katin.

In ba yunwa ba ce fa?

23. Bi su ɗaya-ɗaya. Ya sha ya saki da kansa, hannu a sake, amma yana kuka? Duba nafkin. Taɓa ƙeyarsa ki ji ko gumi yake. Ɗaga shi ya yi gyatsa. Duba ko zare ya naɗe masa yatsa, ko wani ƙwaro ya shiga riga. In yana hamma, yana kau da ido daga mutane, gajiya ce, hayaniya ta ishe shi, shiga da shi ɗaki. Ɗan tumbuɗi bayan sha ba ciwo ba ne. In kin rasa gane kansa, miƙa masa nono. Ba laifi. Jariri na neman nono don ƙishi, don tsoro, don jin ɗumin uwa, kuma ba ya sangarcewa don an ɗauke shi.

24. Waɗannan ba na jira ba ne. Jaririn da yake sha da kyau ya daina, ko ya tsallake shayarwa biyu a jere ya ƙi kamawa. Wanda ba ya motsi sai an taɓa shi. Jiki da zafi, ko sanyi ƙalau. Numfashi sau 60 ko fiye a minti ɗaya, ko ƙasan ƙirji na lotsawa ciki sosai. Jijjiga. Ido ko fata sun yi rawaya tun ranar farko, ko rawayar ta kai tafin hannu da na ƙafa. Maɗiga ta faɗa, baki ya bushe. Cibiya ta yi ja tana fitar da ruwa mai wari. Ko ɗaya kika gani, asibiti. Ƙin shan nono ba beli ba ne, kada a kira wanzami. Akwai babban asibiti a Tambuwal da Dogon Daji da Kebbe, in abin ya fi ƙarfinsu su tura ku Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. In kina zaune a nesa, irin su Girkau, Ungushi ko Romon Sarki, kin san halin hanya da damina, kin san tafiyar dare ba ta da daɗi. Abin da kika gani da hantsi, kada ki ce bari mu ga yamma.

25. Ke ma ki ƙoshi. Ci tuwonki da miyar ganye, zogale, wake, gyaɗa, ƙwai, kifi ko nama in an samu, ki sha fura da kunu. Ajiye kofin ruwa inda kike shayarwa. Kunun kanwa kuwa a sassauta masa hannu. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan kanwa da tsananin zafin wankan jego da ciwon zuciya bayan haihuwa. In kina haki, ƙafafu na kumbura, ko ba ki iya kwanciya sai kin jingina, wannan ba gajiyar jego ba ce, je a duba ki. In nono ya cika ya yi tauri yaro ya kasa kamawa, tatsa kaɗan ya yi laushi sannan ki ba shi.

Kai kuma, maigida

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ba a ce ka shiga harkar ɗakin mata ba, amma abu uku naka ne. Na farko, ka faɗa wa mahaifiyarka da bakinka, cikin ladabi, cewa kun yanke shawarar nono zalla har wata 6. Daga bakinka maganar ta fi sauƙin karɓuwa fiye da daga bakin suruka. Na biyu, kafin ka kashe komai a ragon suna da goro, ware kuɗin mota da na magani, ka kuma ajiye lambar mai babur ko mai motar da zai ɗaga waya ko da wane lokaci. Na uku, cefanen maijego kada ya yanke bayan suna. Shayarwa yanzu aka fara.

Gobe da safe

1. Bayan sallar asuba, ajiye kwano da ɗan wake a gefen gado, ki fara ƙirga.

2. Rage masa naɗi, bar baki da hannu a fili.

3. Zauna kusa da shi kafin lokacin farkawarsa, ki tsare bakinsa da ido har ki kama hawa na farko sau ɗaya. In kin gani sau ɗaya, ba za ki ƙara kuskure shi ba.

4. Yi magana da Inna ko uwar mijinki a keɓe, ki ba ta aikin umartar ki.

5. Shayar da shi kafin ki shiga wanka.

6. Kwashe fida, robar tsotso da kwalbar zuma daga ɗakin.

7. Ƙirga jiƙaƙƙun nafkin har zuwa wata asubar. In sun kai 6, ko adadin kwanakinsa in bai kai kwana 6 ba, waken kuma ya kai 8, ci gaba da abin da kike yi. In ba su kai ba, ɗauki katinsa ku tafi awo tun rana ba ta yi zafi ba.